Tantance Halin Mai Neman Sarauta a Tarihin Ƙasar Hausa

Tun kafin masana halayyar ɗan Adam su ƙirƙiro gwaje-gwajen gano mai jiji da kai da mai makirci, masarautun ƙasar Hausa suna da tasu hanyar tace masu neman mulki, wadda ta dogara ga masu zaɓen sarki, wato manyan hakimai waɗanda al'ada ta haramta musu hawa gadon sarauta, ta kuma ɗora musu nauyin fitar da wanda ya cancanta. A Kano su ne Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma cikin abin da suke aunawa akwai zaman da ɗan sarki ya yi da jama'a tun yana riƙe da ƙaramar sarauta.

Malaman jihadi sun ba wannan tacewa tushe na shari'a, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya sanya hana mulki ga mai kwaɗayinsa a farkon ginshiƙan shugabanci, sannan ya bi shi da wajabcin shawara. Hikimar a fili take, tunda mai girman kai ya fi kowa iya daɗin baki a gaban manya, kuma ba a gane shi sai ta bakin waɗanda suka zauna a ƙarƙashinsa.

Tarihi ya nuna tsadar tsallake shawara a shekarar 1893, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur sarautar Kano bayan rasuwar mahaifin Tukur, Sarkin Kano Muhammadu Bello, alhali yawancin 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suna bayan ɗan'uwansu Yusufu, lamarin da ya haifar da Yaƙin Basasa, wanda ya ci rayuka masu yawa kafin Aliyu Babba, ɗan'uwan Yusufu, ya tabbata a kan gado. Saboda haka duk hukumar da take ɗaukar shugaba a yau, wajibi ne ta nemi shaidar na ƙasa da shi kafin ta amince da abin da ya faɗa game da kansa.