Ziyarar Mala'iku a Bangaskiyar Kirista: Saƙo da Nauyin da Yake Ɗorawa

Gabatarwa

Mala'iku suna bayyana a Littafi Mai Tsarki tun daga littafin Farawa har zuwa Ru'ya ta Yohanna, amma wanda ya bi labaran da natsuwa zai lura cewa marubutan ba su cika tsayawa kan siffarsu ba. Hankalinsu ya fi karkata ga saƙon da aka kawo da kuma abin da mai karɓa ya yi da shi. Wannan maƙala tana kafa hujja cewa a koyarwar Kirista, ziyarar mala'ika tana ɗora wa mutum aiki, tana kuma mayar da shi ga Allah da sauran mutane. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk wani iƙirari na ganin mala'ika, na dā ko na yanzu.

Waɗanda aka ziyarta

Labari na farko da mala'ikan Ubangiji ya yi magana da mutum yana cikin Farawa sura 16. Hajaratu ce, baiwa 'yar Masar, tana da juna biyu, ta gudu daga hannun uwargijiyarta Saratu. Mala'ikan ya same ta a bakin wata maɓuɓɓugar ruwa a hanyar Shur, ya kira ta da sunanta, ya faɗa mata za ta haifi ɗa ta sa masa suna Isma'ilu, bayan ya umarce ta ta koma gidan da ta baro. Alkawari da umarni mai ɗaci suka zo mata tare. Haka Gidiyon, yana sussukar alkama a ɓoye don tsoron Madayanawa aka kira shi ya jagoranci yaƙi. Annabi Iliya kuwa, da ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, domin akwai tafiyar kwana 40 a gabansa zuwa Dutsen Horeb.

A Bishara ta Luka, Jibra'ilu ya ziyarci mutum biyu a sura ɗaya. Zakariya firist ne, dattijo, yana ƙona turare a cikin Haikali a Urushalima. Ya nemi tabbaci a kan albishir na haihuwar ɗansa, sai bakinsa ya rufe har aka haifi yaron. Maryamu budurwa ce a ƙauyen Nazarat, ba ta da muƙami ko kaɗan. Ita ma ta yi tambaya a kan albishir na haihuwar Yesu, aka ba ta amsa, ta amince, alhali ta san abin da ciki kafin tarewa zai iya jawo wa mace a al'ummarta. A daren haihuwar Yesu ma makiyaya masu kwana a fili aka fara sanar wa. Wannan jeri ya nuna cewa ziyarar ba ta bin matsayi, kuma da wuya ta bar mutum a inda ta same shi.

Inda aikin mala'ika yake tsayawa

Labarai biyu a Ayyukan Manzanni sun fito da iyakar aikin mala'ika fili. A sura 10, Karniliyus, hafsan sojan Roma a Kaisariya, mai yawan addu'a da sadaka, ya ga mala'ika wajen ƙarfe uku na rana. Mala'ikan bai yi masa wa'azi ba. Kwatance ya yi masa: ya aika Yafa, gidan wani majemi mai suna Saminu a bakin teku, a kirawo Bitrus. Karniliyus ya tura barorinsa biyu da soja ɗaya. Bitrus Bayahude ya shiga gidan wanda ba Bayahude ba, ya yi magana da bakinsa, kuma daga nan aka buɗe ƙofar Ikkilisiya ga sauran al'ummai. An bar wa mutane wa'azin domin su haɗu fuska da fuska, su ci abinci tare.

A sura 12, Bitrus yana barci a kurkuku tsakanin soja biyu, ɗaure da sarƙa biyu. Mala'ika ya bugi gefensa ya tashe shi, sarƙoƙin suka zube, ya sa shi ya yi ɗamara, ya saka takalmansa, ya yafa mayafinsa. Suka wuce masu gadi na farko da na biyu, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, suka bi titi ɗaya, sai mala'ikan ya rabu da shi. Sauran tafiyar Bitrus ya yi ta da ƙafarsa zuwa gidan Maryamu uwar Markus, inda masu bi suke addu'a. Amma a farkon wannan sura ɗin Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, babu mala'ikan da ya tare hannunsa. A Getsamani ma, Luka ya ce mala'ika ya ƙarfafa Yesu, bai ɗauke masa gicciye ba. Saboda haka wanda ya koyar da cewa duk mai bangaskiya mala'ika zai fitar da shi daga kowace wahala ya faɗi abin da nassin bai faɗa ba.

Taka-tsantsan na Ikkilisiya

Jakadan sarki ana shimfiɗa masa tabarma saboda wanda ya aiko shi, amma ba a yi masa mubaya'a. Sabon Alkawari ya tsaya a kan wannan. Sau biyu Yohanna ya fāɗi zai yi wa mala'ika sujada a littafin Ru'ya, sau biyu mala'ikan ya hana shi. Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa a kan bautar mala'iku, ya faɗa wa Galatiyawa kada su karɓi wata bishara dabam ko da mala'ika ne ya kawo ta, ya kuma tunatar da Korintiyawa cewa Shaiɗan yakan yi shigar mala'ikan haske.

Tarihin Ikkilisiya ya bi wannan sawu. Majalisar Lawudikiya a ƙarni na 4 ta hana Kiristoci barin taron Ikkilisiya su koma kiran mala'iku. A shekarar 745, wata majalisa a Roma ƙarƙashin Fafaroma Zakariya ta hukunta wani mai wa'azi, Aldebert, wanda addu'arsa ke kiran mala'iku da sunayen da ba a sani ba. Har yau ɗarikar Katolika sunaye uku ta amince da su: Mika'ilu, Jibra'ilu da Rafa'ilu, na ƙarshen daga littafin Tobit. Gaskiya ne wani marubuci da ya ari sunan Diyonisiyus ya tsara mala'iku aji tara wajen shekarar 500, Toma Akwinas kuma ya zurfafa nazari a kansu a ƙarni na 13. Amma Kalbin a ƙarni na 16 ya soki irin wannan tsari da cewa ya wuce abin da aka bayyana. Duk da saɓaninsu, babu ɗayansu da ya yarda a bauta wa mala'ika.

Ƙalubale daga ɓangare biyu

Akwai masu ganin labaran nan tunanin mutanen dā ne kawai. Masanin tauhidi na Jamus, Rudolf Bultmann, ya kawo wannan ra'ayi da ƙarfi a 1941, yana cewa a raba saƙon Bishara da yadda mutanen ƙarni na farko suka ɗauki duniyar ruhohi. Raunin ra'ayin shi ne, labaran suna tabbatar da cewa Allah ne ke fara magana, daga wajen mutum, a lokacin da bai zata ba. In an mayar da ziyarar abin da ke cikin zuciya kaɗai, wannan tabbaci ya tafi.

A ɗaya ɓangaren akwai masu yawan wahayi. A Najeriya, cocin Kerubim da Serafim da Moses Orimolade da Christiana Abiodun suka kafa a Legas a 1925 ya samo asali daga wahayin mala'iku da Abiodun ta ce ta gani, kuma ya bazu har Arewa. Ba daidai ba ne a yi watsi da irin wannan shaida gaba ɗaya, tunda nassin bai ce ziyara ta ƙare ba. Hatsarin yana zuwa ne idan wahayi ya zama hanyar tara kuɗi, ko raba aure, ko ɗora wa wata tsohuwa laifin maita.

Kammalawa

Daga Hajaratu zuwa Karniliyus, alamun ziyara ta gaskiya ba su canja ba: saƙon ya dace da abin da Allah ya riga ya bayyana, mala'ikan bai karɓi ɗaukaka ba, mai karɓa kuma ya fita da aikin da zai amfani wasu. Fastoci da malaman makarantun tauhidi suna da alhakin koya wa jama'arsu waɗannan alamu. Duk wanda ya zo da labarin mala'ika, a saurare shi da mutunci, sannan a tambaye shi abin da aka aike shi ya yi da kuma wanda zai amfana da shi.