Daga Zango Zuwa Tasha: Tarihin Motocin Haya a Hanyar Jega

Hanyoyi uku ne suka haɗu a Jega. Ɗaya ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ta ukun kuma ta yi kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora. Motocin da ke kai-komo a kansu, tun daga Golf da Sharon zuwa hayis da gingimarin albasa, kusan duk na ɗaiɗaikun mutane ne. Shi ya sa in ana maganar a bai wa 'yan kasuwa dama su yi gogayya da gwamnati a harkar safa, a nan sai lissafin ya juye: 'yan kasuwa aka tarar a hanya, gwamnati ce baƙuwa.

Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen 1820, garin ya zama mahaɗar fatake, musamman masu zuwa Gwanja neman goro. Madugu ke tsara ayari, jakai ke ɗaukar kaya, a zango ake sauka; sarakuna nasu fito ne da tsaron hanya. Da Turawa suka zo da jirgin ƙasa, dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, a nan ya tsaya. Bai taɓa shiga Sakkwato ba, balle ƙasar Gwandu. To, wurin da babu jirgi, mota ce sarki. Attajiran da iyayensu suka yi fatauci da jaki su suka sayi manyan motoci, kaya a ƙasa, fasinja a sama.

A Legas an ɗan bi wata hanya dabam. A 1958 hukumar birnin ta saye kamfanin safa na Zarpas ta mayar da shi nata. Yankinmu bai ga irin wannan ba. Abin da ya gani shi ne kuɗin fetur na shekarun 1970: kwalta ta ƙaru, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, doguwar 504 ta zama motar haya ta gari zuwa gari. A 1978, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago, aka samu ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda tashoshi suka koma hannunta sannu a hankali. Mai karatu ya riƙe wannan ƙungiyar, don za mu dawo kanta.

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na Babangida, na sake fasalin tattalin arziki. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai haya, kayan gyara suka yi tsada, motoci suka riƙa kwana a gareji. A 1988 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a, ta riƙa tallafa wa jihohi da bas-bas. A wannan zamanin ne sunaye irin su Kano Line da Borno Express da Yankari Express suka cika hanyoyin Arewa. Da aka yanki Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, ita ma ta bi sahu da nata motocin.

Fasinja ya ji daɗi, gaskiya. Motar gwamnati ta fi araha, ba a cusa mutum kamar buhu, kuma tana da tashar kanta. Amma cutar da ta kama yawancin waɗannan hukumomi iri ɗaya ce: a sayo motoci da biki, a sa kuɗin mota ƙasa da abin da zai ishi gyara, a kwashe wasu zuwa hidimar gwamnati kyauta, bayan 'yan shekaru a tarar da su a jere ba tayu. Sabon gwamna ya zo ya sayo wasu. Shi kuwa mai haya, da ya kasa sayen sabuwa, sai ya koma ga 'yar Kwatano, wadda ba ta da nisa da mutumin Kebbi tunda jihar ta yi iyaka da Benin da Nijar. Motar tasa ce, in ta kwana bai ci ba, don haka ko da tsakar dare zai tashi bakanike.

Sai dai kada yawan masu motoci ya ruɗe mu mu ce akwai gasa. Shiga tasha ka gani. Mota ba ta lodi sai layinta ya zo, kuɗin Sakkwato ɗaya ne ko wace ka shiga, kuma ƙungiya ce ke yanke shi. Direban da ya gyara kujerunsa ya sa sababbin tayu, da wanda ƙofarsa ke ɗaure da igiya, abu ɗaya suke karɓa, layi ɗaya suke jira. Me zai sa na farkon ya ci gaba da wahalar da kansa? Tsarin yana da amfaninsa, ba a musu: ya hana dambe kan fasinja, kuma in kaya ya ɓata an san inda za a nema. Amma gasar da ta rage ita ce ta gudu a hanya da ta yawan lodi, sai kuma ta masu tsince a bakin titi, waɗanda ke rage kuɗi don ba su biya kamasho ba. Ɗalibin jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, da manomin albasa da mai zuwa kasuwa daga Maiyama, duk cikin wannan suke zaɓi.

Turawan Ingila sun gwada sakin harkar gaba ɗaya. Daga Oktoban 1986, ƙarƙashin Firaminista Thatcher, duk mai bas ya samu damar shiga hanya, in ban da Landan, inda hukuma ke tsara hanyoyi da kuɗi, kamfanoni su yi takarar kwangila. Fasinjoji sun ragu a sauran manyan birane, Landan kuwa nata suka ƙaru daga baya, har Manchester ta koma irin tsarin Landan a 2023.

A shekarar ce kuma, ranar 29 ga Mayu, Tinubu ya janye tallafin fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatoci suka sake komawa ga maganin 1988: a sayo bas. Ni dai a ganina Kebbi ba motoci ta rasa ba. Hukuma ta zauna da ƙungiya da masu motoci, a ƙayyade lokacin tashi da yawan fasinja a hanyoyin nan uku, a riƙa duba lafiyar mota da gaske, sannan a bar wanda ya fi kyautata wa fasinja ya fi samu. Wannan ya fi sayen bas ɗari araha.