Maganaɗisu da ƙwaƙwalwa: tasirinsa a kan barci da farkawa

A shekarar 1985 ne Anthony Barker da abokan aikinsa a birnin Sheffield na Ingila suka nuna cewa za a iya motsa ƙwaƙwalwar ɗan Adam daga wajen ƙoƙon kai, ba tare da fiɗa ba.

Dabarar, wadda ake kira TMS a taƙaice, ta dogara ne a kan wata naɗaɗɗiyar waya da ake ɗora wa mutum a ka.

Idan aka saki lantarki a cikin wayar na ɗan ƙiftawar ido, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙashi, ya tayar da jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa. Ƙarfin ba ya wuce zurfin santimita 2 zuwa 3, don haka saman ƙwaƙwalwa kawai yake taɓawa kai tsaye.

Bugun da ake yi a hankali, kamar sau ɗaya a daƙiƙa, yakan kwantar da wurin. Mai sauri kuwa yakan zaburar da shi.

Abin da aka gano game da barci

Binciken da ya fi yin fice shi ne wanda Marcello Massimini da Giulio Tononi suka wallafa a 2005 daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka.

Sun riƙa buga maganaɗisun a kan mutane suna farke, sannan suka maimaita bayan barci ya ɗauke su, suna auna yadda ƙwaƙwalwa ke amsawa.

A farke, motsin yakan bazu daga wannan sashe zuwa wancan. A cikin barci mai nauyi kuwa, sai ya tsaya inda aka buga, ya mutu nan take.

Ke nan ƙwaƙwalwar mai barci ba ta daina aiki ba. Sassanta ne suka daina isar wa juna saƙo. A kan wannan ne aka gina wani ma'auni a 2013 don gane ko majinyacin da ba ya motsi ko magana yana cikin hayyacinsa.

A 2007 masu binciken sun kuma nuna cewa bugun yana iya haifar da irin manyan igiyoyin lantarkin da ake gani a barci mai zurfi.

Ta fuskar farkawa, masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York sun ba da rahoto a 2008 cewa bugu mai sauri ya rage nawar da mutanen da aka hana barci kwana biyu ke yi a gwajin riƙe abu a ka. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma gyara ne ga aiki guda, ba madadin barcin ba.

Shin magani ce?

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da TMS a 2008 domin ciwon tsananin damuwa da ya ƙi jin magani, amma ba domin rashin barci ba.

An yi gwaje-gwaje da dama a kan masu fama da rashin barci, musamman a Sin, kuma da yawa sun ce sun samu sauƙi. Matsalar ita ce waɗanda aka ɗora wa na'urar bogi, mai ƙara kawai, su ma sukan ce sun samu sauƙin, abin da ke sa likitoci taka-tsantsan.

Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai da zafi a fatar kai. Farfaɗiya kan auku, ko da yake ba safai ba, kuma rashin barci na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinta.

Saboda haka akan tambayi mutum ko ya samu barci kafin a soma, kuma ba a yi wa mai wani ƙarfe da aka dasa a cikin kansa.