Peugeot 504: Motar da aka ƙera domin a riƙa gyara ta

A tashoshin mota na arewacin Nijeriya, ciki har da na Sabon Birni da Isa a gabashin jihar Sakkwato, an shafe shekaru da dama motar da ta fi kowace yawa ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo. Abin da ya sa ta daɗe haka shi ne yadda aka tsara ta, ta yadda bakanike mai kayan aiki kaɗan zai iya kwance ta ya sake ɗaurawa.

Asalinta

An fara nuna motar a birnin Paris na Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a nahiyar Turai. A wannan shekarar ne aka fito da samfurinta mai ƙofa biyu, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, daga baya kuma a 1974 aka sa masa inji mai silinda 6.

A Afirka ne motar ta yi suna a fagen tsere. Ove Andersson ɗan ƙasar Sweden ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, yayin da Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya lashe gasar a 1978 da samfurin mai ƙofa biyu. Gasar ta Safari dai ana yin ta ne a kan hanyoyi masu ƙura da laka da ramuka, inda juriyar mota ta fi gudunta muhimmanci.

Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna a 1975. An daina ƙera ainihin motar a Faransa a 1983, amma an ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har zuwa 2004, a Nijeriya kuwa har 2006.

Me ya sa take da sauƙin gyara?

Mafi yawan waɗanda suka shiga hannun jama'a a Nijeriya suna da inji mai silinda 4, mai girman kusan lita 2, wanda ke shan mai ta kafireta. Babu wata kwamfuta a cikinta, saboda haka bakanike kan gano matsala da kunnensa da idonsa.

Babban sirrin injin shi ne bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa. A motoci da yawa bututun haɗe yake da jikin inji, idan ya cinye sai an kai wurin masu injin gogewa. A 504 kuwa zare shi ake yi a sa sabo, tare da sabon fistin da zobbansa, injin ya koma kamar sabo. Hakan na da amfani a garuruwan da ke nesa da manyan birane.

Ƙafafun baya ne ke jan motar, tana da tsawo daga ƙasa, kuma samfurin mai dogon baya yana da sifirin biyu a kowane gefe na baya. Shi ya sa ta dace da hanyoyin karkara masu rairayi da kwazazzabai, kamar na ƙasar Gobir.

Sauye-sauyen da ake yi mata

Direbobin haya sun fi damuwa da yawan kayan da mota za ta ɗauka. Akan ƙara ganyen sifirin a bayan a-kori-kura, a yi waldar maɗaurin kaya a saman rufi, a kuma sa babban lagireto saboda zafin bazara. Masu fasa-ƙwaurin man fetur zuwa Jamhuriyar Nijar, a lokacin da tallafi ya sa man ke da arha a Nijeriya, sukan ƙara wa motoci tankuna na musamman.

Waɗannan sauye-sauye suna da illa. Ƙarin sifirin yana hana mota durƙushewa, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, don haka motar da aka cika wa lodi takan ɗauki tazara mai tsawo kafin ta tsaya. Zuba ruwan rijiya tsagwaronsa a lagireto kuma yana haddasa tsatsa a cikin inji.

A Turai, inda samfurin mai ƙofa biyu ya zama abin nema ga masu tara tsofaffin motoci, manufar ta sha bamban. A can ana ƙoƙarin mayar da motar yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti da kujeru, domin duk wani sauyi yana rage mata daraja.

Halin da ake ciki

Tun daga shekarun 1990 motocin gwanjo na Turai da ke shigowa ta Kwatano suka fara mamaye kasuwa, daga baya kuma Golf da Sharan suka maye gurbin Fijo a yawancin tashoshi. Masu gyaran waɗanda suka rage sun dogara ne da kayan da aka cire daga matattun motoci, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

A yankin Sabon Birni da Isa akwai ƙarin matsalar tsaro. A watan Disamban 2021 'yan bindiga sun ƙona matafiya a cikin motarsu a yankin, kuma hare-hare a kan hanyoyi sun sa lalacewar mota a daji ta zama barazana ga rai. Rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yamai na 2023, ya ƙara durƙusar da harkar sufuri a lokutan.

Ga mai son farfaɗo da tsohuwar 504, abin dubawa na farko shi ne tsatsa a ƙasan bodi da wuraren da sifirin ke zaune, domin inji yana gyaruwa cikin sauƙi, amma gyaran ruɓaɓɓen ƙarfe kan ci kuɗi fiye da darajar motar. Sana'ar kanta ba a rubuce take ba, yaran gareji ne ke koyonta daga iyayen gidansu, kuma ƙalilan ne daga cikin matasan yanzu ke samun irin wannan mota a gabansu.