Feroksin: Furotin ɗin da ke gina feroksizom a jikin ɗan Adam

Feroksizom wata 'yar mitsitsiyar jaka ce da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, ta kuma fi yawa a hanta da ƙoda. Aikinta shi ne narka wasu nau'o'in kitse masu dogon zubi, da kawar da gubar haidurojin feroksayid, da haɗa wani maiƙo da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, shi ne ya raɗa mata suna.

Wannan jaka ba ta iya ƙera kayan aikinta. A waje ake haɗa su, sannan wasu furotin da ake kira feroksin, ko PEX a taƙaice, su shigar da su. A 1996 ne masana suka amince da wannan suna na bai-ɗaya, inda kowane ɗaya ya samu lamba.

PEX3 da PEX16 da PEX19 su ne ke gina bangon jakar. PEX5 ɗan dako ne: yana gane kayan ta wata alama da ke wutsiyarsu, ya kai su ƙofar da PEX13 da PEX14 ke tsaro. Idan ya sauke kaya, PEX1 da PEX6 sukan zaro shi domin ya sake komawa ɗauko wasu. PEX11 kuwa yana taimaka wa jakar ta rabu gida biyu.

Matsala a ɗaya daga cikinsu na iya tsayar da aikin baki ɗaya, ta haddasa cutar Zellweger, kuma an fi samun matsalar a PEX1. Jaririn da ke da nau'inta mai tsanani yakan zo da sanyin jiki, da kasa shan nono, da farfaɗiya, da kumburin hanta. Galibi ba ya wuce shekara ɗaya a duniya.

Sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka cutar ke bayyana, kuma iyayen kan kasance lafiya lau. Idan dukansu na ɗauke da shi, haɗarin ɗaya ne cikin huɗu a kowane juna biyu, abin da ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwar aukuwarta. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, sai dai kulawar da ke rage wa yaro wahala.