Wata, Iska da Ruwa: Waiwaye a Kan Lissafin Masunta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a garin masunta, ko a Yawuri ko Argungu ko Baga, zai lura da cewa masunci ba ya tura jirginsa cikin ruwa sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Yakan lissafa kwanan wata, ya saurari inda iska ta fito, ya kuma dubi launin ruwan. Wasu 'yan boko na ɗaukar wannan a matsayin camfi, wasu kuma na ganin wata ne ke mulkin kifi kamar yadda yake mulkin igiyar teku. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan lissafi cikin tarihi, domin a ga abin da ya tabbata a cikinsa, da kuma abin da ya same shi a ƙarni na 20.

Kalandar Ruwa

Sana'ar su tsohuwa ce a ƙasar Kabi, tun kafin zamanin Kanta, wanda ya kafa daularsa a ƙarni na 16. Kabawa sun shahara da su na homa da gora a fadamun gulbin Kabi, Sarkawa kuwa su ne gwanayen babban ruwa, masu jirage da taru da mamari a kan Kwara. Dukkansu abu na farko da suke dogara da shi wajen sanin lokaci shi ne hawa da saukar ruwa.

Da zarar ruwan farko ya sauka, kogi ya fara cika, kifaye irin su tarwaɗa sukan bi sabon ruwa su shiga cikin ciyayin fadama domin su saki ƙwai. A nan 'ya'yan kifi ke samun abinci da mafaka. A tsakiyar damina kamu yakan yi wuya, ba don babu kifi ba, sai don ya watsu cikin faɗin ruwa. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, kifi ya juyo zai koma gulbi, sai masunta su tare mashigai da gura da shinge. Da rani kuwa, kifi ya matsu a cikin tafkuna da gurabe masu zurfi, sai Sarkin Ruwa ya ba da izini a yi su na gayya. Gaiwa ita kaɗai ke da tata dabara, ta shige cikin laka ta kwanta har wata damina.

A yankin Yawuri da Busa lissafin ya fi haka, domin Kwara kan cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan saman yankin ke kawowa a ƙarshen damina, yana ɗauke da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali inda lakarsa ke kwantawa, sannan ya iso tas da shi a tsakiyar hunturu. Kowanne da irin kamunsa da irin kayan aikinsa.

Bikin Argungu ma a kan wannan kalanda aka gina shi. Ya samo siffarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta zama alamar ƙarewar tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. An saba yin sa wajen watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwan Matan Fada ya ja baya, bayan an hana kamu a wurin tsawon shekara. Manyan giwan ruwa da ake fitarwa a ranar, amfanin wannan hani ne da ƙarancin ruwa.

Ina Matsayin Wata?

Wannan ba ya nufin wata ba shi da tasiri. Masunta sun daɗe da sanin cewa a daren farin wata, musamman idan ruwa ya yi garau, kifi na ganin raga ya kauce mata, alhali a duhun wata yakan faɗa ciki. Ko karin maganar nan da ke cewa kifi na ganinka mai jar koma, shaida ce cewa Bahaushe ya san kifi da ido yake tsira. Haka nan masu tara ƙananan kifaye da hasken fitila sun fi samun biyan buƙata a duhu, domin hasken wata na rage wa fitila ƙarfi. A tafkin Tanganyika, inda wannan salon kamu ya zama babbar sana'a, masunta kan huta idan wata ya cika.

Misali mafi ban sha'awa ya fito ne daga ƙasar Mali. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai kitse da ake kira tineni, wanda masuntan Bozo ke tatsar mai daga jikinsa. Idan ruwa ya fara sauka, wannan kifi kan taru ya yi ayari ya haura kogi, kuma tafiyar tasa na bin kwanan wata: ayarin kan haɗu a dararen da ke da haske, ya watse idan duhu ya shigo. Wani masani Bafaranshe, Jacques Daget, wanda ya yi aiki a garin Jafarabe, ya bayyana wannan a rubuce a farkon shekarun 1950. Amma Bozo sun riga shi sani da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya yi shi ne ya sa alƙalami.

A can Amurka kuwa, wani mai sha'awar fatsa, John Alden Knight, ya fito da wani ra'ayi a shekarar 1926, cewa kifi ya fi cin ƙugiya a wasu sa'o'i da suka danganta da matsayin wata da rana. Ya fara buga jadawalinsa a 1936, aka yi ta saye. Sai dai binciken da ya biyo baya bai tsaya a kan magana ɗaya ba: a wasu kifaye an ga ɗan tasiri, a wasu ba a ga komai ba. Dalili kuwa shi ne jan da wata ke yi wa ruwa a teku yake da ƙarfi. Ko a manyan tafkunan Arewacin Amurka, hawan da yake haddasawa bai kai santimita 5 ba, balle a gulbin Rima. Ashe ke nan a ruwan daɗi, hasken wata ne ke aiki, ba jansa ba, kuma a kan haske masuntanmu suka gina lissafinsu tun asali.

Batun iska da sanyi shi ma yana da tushe. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, don haka idan hunturu ya sanyaya ruwa, sai ya rage yawo da cin abinci, mai fatsa ya wuni a banza. Iska mai ƙarfi kuma kan tayar da laka, ta hana ƙananan jirage fita.

Lokacin da Kalandar Ta Rikice

Abin da ya girgiza wannan ilimi ba gardamar masana ba ce, canjin ruwan ne kansa. A shekarar 1968 aka kammala madatsar Kainji. Tsohon garin Busa ya nutse, aka sauya wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, kogi mai gudu ya zama tafki. A shekarun farko an yi kamu mai yawa, daga baya ya ragu, a ƙasan madatsar kuma fadamun da kifi ke haihuwa suka daina cika yadda suka saba. Haka aka sake gani a kan kogin Sakkwato bayan gina madatsar Bakolori a 1978. Ruwa ya koma zuwa da umarnin injiniya, ba da lissafin Sarkin Ruwa ba.

A gabas kuwa fari ne ya yi aikin. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabu gida biyu a farin 1973, sannan farin 1984 ya ƙara tsuke shi ƙwarai. Kifayen da ke son buɗaɗɗen ruwa suka ja baya, masu jure wa fadama irin su tarwaɗa da karfasa suka yi rinjaye. Masunta da yawa suka koma noman masara da wake a ƙasan da tafkin ya bari. A duk waɗannan shekaru wata bai fasa tsayuwa ba, bai fasa cika ba, amma bai cika wa kowa jirgi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa lissafin masunta hawa uku ne. Cikar ruwan shekara ita ke yanke yawan kifin da za a samu. Yanayin sanyi da iska shi ke nuna makon da ya dace. Wata kuma shi ke zaɓar dare. Wanda ya riƙe na ƙarshe ya manta na farko, ya kama reshe ya saki tushe.

Saura kira ga 'yan uwa marubuta. Sau da yawa idan masunci ya fito a littattafanmu, ba ya wuce mai tsafi ko mai hulɗa da aljanun ruwa, alhali a kansa akwai sunayen kifaye, da na iskoki, da na gurabe, da lokutan kowannensu. Dattawan da suka san Kwara kafin madatsa sun kai shekara saba'in ko fiye, kuma kullum raguwa suke yi. Bozo sun sami wanda ya rubuta nasu. Wanda duk ke kusa da bakin ruwa a cikinmu, ya ɗauki takarda da biro ya tafi wurinsu tun suna raye.