Titin kan iyaka: na wane ne?

Jama'a, duk mai bin hanyoyin karkara ya san wannan abu. Kana tafiya a kan kwalta lafiya lau, sai ka kai wani wuri kwaltar ta ƙare ƙat, kamar an sa wuƙa an yanke. Ka tambayi mutanen gefen hanya me ya faru, sai su ce ai nan ne iyakar ƙaramar hukuma. Ciyaman ɗin nan ya yi nasa ya tsaya, na can kuma ya ce kasuwar da motoci ke zuwa ba tasa ba ce, don me zai kashe kuɗinsa. Tunda maganar 'yancin ƙananan hukumomi ta sake tasowa, bari mu ɗan koma baya mu ga yadda titin kan iyaka ya zama maraya.

Mu ɗauki Kano, don lissafinta ya fi sauƙin gani. A zamanin En'e, lardin Kano hukumomin gargajiya huɗu ne: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Yau wannan ƙasar ita ce jihohin Kano da Jigawa, mai ƙananan hukumomi 44 da mai 27. Wato inda ake da baitulmali huɗu, yanzu asusu 71 ne. Hanyar da a da ta ratsa gundumomi uku na En'e ɗaya, yanzu ta ratsa hukumomi uku, kowace da ciyamanta da kasafinta da ɗan kwangilarta.

Baitulmalin nan a Katsina aka fara tsara shi, wajen 1909, tsakanin Bature Palmer da Sarki Dikko, sannan ya bazu sauran masarautu. Haraji da jangali ake tarawa, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, ragowar ya zauna a baitulmali a biya albashi a yi ayyuka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, sai hanya ta zama dole, domin sai an kai buhu tasha. En'e ta Kano tana da ma'aikatar ayyukanta, kuma ƙarfinta ya kai ta yi wa birni ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Hanya tsakanin hakimi da hakimi ba ta buƙatar yarjejeniya, tunda jaka ɗaya ce.

Kada dai a ce ina yabon zamanin. Da yawan hanyoyin nan da gumin talaka aka share su. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara majiya ƙarfi, a fita da fartanya da kwando bayan damina, ba ko sisi. Aikin dole kenan, kuma yana cikin abin da 'yan NEPU suka yi ta yaƙa. Abin da nake nunawa kawai shi ne tambayar "wa zai biya?" ba ta taso ba a lokacin.

Garambawul na 1976, lokacin mulkin soja na Obasanjo, shi ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, guda 301. Daga nan aka shiga yanka: kowane gari yana son sakateriyarsa, kowane soja da ya hau yana son a gode masa, har aka kai 774 a 1996 zamanin Abacha. A tsakanin nan kuma, a 1979, gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya huta, babu shakka. Amma daga nan ido ya koma kan kason tarayya kacokan. Hukumomi suka yi yawa, kowace ta ƙanƙance, kuɗin kuma daga sama yake zuwa, ba daga aljihun mutanen da ke bin hanyar ba.

Babangida ya gwada tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ɗaga kasonsu daga kashi 10 zuwa 15, sannan 20 cikin ɗari. Sai dai an ɗora musu albashin malaman firamare, wanda ya cinye mafi yawa. Hanyoyin karkara kuwa wata hukumar tarayya ya kafa musu a 1986, DFRRI. Ta share hanyoyin burji da dama, amma da ta tafi ba a bar wa kowa alhakin gyara ba, damina biyu uku suka koma kwazazzabai.

Nan ne wurin da ya fi ba ni takaici. Tsarin mulkin 1999 ya ce gina hanyoyin cikin gida da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne, sannan sashe na 162 ya ƙirƙiro Asusun Haɗin Gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A takarda, ai wannan asusun shi ne maganin titin kan iyaka: kuɗin kowa ya haɗu wuri ɗaya, a ciri na hukumomi biyu a yi hanyar da ta haɗa su. Amma me aka gani? Gwamna ne ke zaɓar aikin, shi ke ba da kwangila, a cire daga kason ƙaramar hukuma da sunan "aikin haɗin gwiwa", kantoman da shi ya naɗa kuma ba shi da bakin magana. Ku tuna titunan kilomita biyar-biyar na zangon Kwankwaso na biyu a Kano. Ku bar rigimar Kwankwasiyya da Gandujiyya a kan wa ya bar su ba a gama ba, ku dubi inda aka shimfiɗa su: hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Nan ake yanke ƙyalle, nan kyamara take zuwa. Gadar da ke kan rafin da ya raba hukumomi biyu ba ta da mai ɗaukar hoto.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a doka. Kasonsu yanzu kashi 20.6 ne na asusun tarayya. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, wannan kowa ya sani. Amma a ce gobe an aiwatar ɗari bisa ɗari, to wa zai yi titin kan iyaka? Jakar gwamna ta tafi, jakar En'e ta daɗe da tafiya, saura ciyamomi biyu masu wa'adin shekara biyu ko uku, wataƙila ma jam'iyyunsu daban.

Kuma rabon ba mai sauƙi ba ne. In aka ce a raba bisa tsawo, wadda kilomita takwas suka faɗo mata za ta ce an cuce ta, tunda mai kilomita biyu ce ke da kasuwa. Ku dubi Dawanau a Dawakin Tofa, ko kasuwar shanu ta Wudil: manyan motoci suna farfasa hanyoyin maƙwabta kafin su iso, kuɗin shiga kuma inda kasuwa take ake karɓa. A ganina adalci shi ne mai cin kuɗin kasuwa ya ɗauki kaso mafi tsoka, gada da kwalbatin kan iyaka a raba biyu, kwangila ta zama ɗaya ga ɗan kwangila ɗaya, kansilolin ɓangarorin biyu su amince a rubuce, har da wanda zai cike ramuka bayan kowace damina. Wanda bai zuba kasonsa ba, a manna sunansa a ƙofar sakateriya da tashar mota.

Masu neman ciyaman za su zo muku da alkawarin kwalta. Ku tambaye su daga ina zuwa ina, kuma ko sun taɓa zama da ɗan takarar ƙaramar hukumar da ke gaba.